Ƙwayoyin A549: Amfaninsu da Iyakarsu a Binciken Sankarar Huhu

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata zuriyar ƙwayoyin halitta mai suna A549, wadda ɗakunan bincike a faɗin duniya suka dogara da ita wajen nazarin sankarar huhu. Manufar ita ce a fayyace abin da take iya nunawa da kuma inda hujjarta ta tsaya.

Asali da Yadda Ake Renonta

A shekarar 1972 ne D. J. Giard da abokan aikinsa a Amurka suka samar da ita daga ƙarin da aka yanke a huhun wani Bature mai shekara 58. Tun daga lokacin take ta rarrabuwa. Ana renonta a kwalba, cikin ruwan abinci da aka haɗa da ruwan jinin ɗan tayin saniya, a zafin digiri 37 daidai da na jikin mutum. Ƙwayoyin suna manne wa ƙasan kwalbar, kuma yawansu yana ninkawa cikin kusan kwana ɗaya. Cibiyar ATCC tana adana su da lamba CCL-185.

Amfaninta

Na farko shi ne gwajin magunguna. A549 tana cikin zuriyoyi 60 da Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka take gwada sababbin sinadarai a kansu. Na biyu shi ne nazarin ƙwayoyin cuta na numfashi, irin su adenobairos da na mura, don suna hayayyafa a cikinta. Na uku, ana auna ɓarnar hayaƙin taba da ƙura da ita. Dalilin wannan karɓuwa shi ne binciken 1976 da ya nuna tana kama da ƙwayoyin jakunkunan iska na huhu masu samar da maiƙon da ke hana jakunkunan shafewa.

Iyakarta

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙwayar mutum mai lafiya tana da kuromosom 46, yawancin na A549 kuwa kusan 66 gare su. Akwai sauyi a ƙwayoyin gadonta na KRAS da STK11 da KEAP1. Lalacewar KEAP1 tana barin garkuwar ƙwayar daga guba a kunne kullum, don haka sinadarin da zai illata huhu mai lafiya yana iya wucewa a kwalba ba a ga ɓarnarsa sosai ba. Annobar korona ta ƙara fito da wannan giɓi: ƙwayar cutar ba ta shiga A549 yadda ya kamata, saboda ƙarancin furotin ACE2, sai da masana suka dasa mata shi. Ga shi kuma daga jikin mutum ɗaya ta fito, ba za ta wakilci dukan majinyata ba.

Shawarwari

Mai bincike ya tantance zuriyarsa da gwajin ƙwayoyin gado, domin ƙwayoyin wata zuriya mai suna HeLa sun sha gurɓata wasu zuriyoyin ba a sani ba. Ya riƙa duba gurɓatar ƙwayar cuta ta maikofilasma. Ya maimaita gwajinsa a kan wata zuriyar, kamar H1299 wadda ba ta da furotin p53 da A549 ke da shi. Kafin a ce magani yana aiki, sai an gan shi ya yi a jikin dabba, sannan a jikin majinyata.