Kada mu bar yaro naƙasasshe a ruga



In maraƙi ya gurgunce a burtali, ba mu yasar da shi, bisa jaki muke aza shi har mashaya. To, don me muke barin ɗanmu kurma ko gurgu a ruga, sa'o'insa suna lakkol?

Sanƙarau na 1995 ya kurmantar da yara da dama a Nijar, shan inna ya gurgunta wasu. Cuta ce, ba aikin aljanu ba. Kunne ya mutu, amma hankali yana nan.

A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Akwai makarantar makafi da ta kurame a Yamai, sai dai sun yi wa makiyayi nisa.

Saboda haka muna roƙon malaman lakkol na daji su zaunar da mai raunin ji ko gani a gaban aji, su hana tsokana, su koya wa yara kiran kowa da sunansa. Mu iyaye kuma mu kai yaran, ko bisa jaki ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka.