Ki San Nauyin Zinariyarki Kafin Ta Bar Ɗaki

 

Yau maganar zinariya za mu yi. Uwargida, sarƙar nan da 'yan kunnen da ke ƙasan akwatinki su ne asusunki. Ranar da rashin lafiya ta zo, ko auren ɗiya ya taso, su za ki ɗauko. To amma ke kina cikin gida. Dillaliya za ki ba ko ƙaninki, ba ki ga sikeli ba, abin da aka dawo aka faɗa miki shi ke nan. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma ban da zinariya, don giram ɗaya da ya ɓace kuɗi ne masu yawa.

Kakanninmu da miskali suke awon zinariya. Miskali shi ne nauyin dinari, irin wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira. Da aka ɗora shi a kan sikelin zamani, sai aka samu giram 4.25, wato giram huɗu da kwata. Ki riƙe wannan. Idan tsohuwa ta ce ta bar miki miskali 10, giram 42 da rabi ke nan.

Daga nan ne malamai ke fitar da lissafi. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, ya ɗara giram ɗaya da kaɗan. Nisabin zakka kuwa dinari 20, wato giram 85. Kayan adon da kike sawa ba a fitar musu da zakka a mazhabarmu, amma wanda kika ajiye a matsayin jari, ki sa maigida ya tambayar miki malam.

Akwai wasu ma'aunai biyu da za ki ji. Masu sayo kaya daga Dubai sukan ambaci tola, awon mutanen Indiya ne, tola ɗaya giram 11.66. Sai oza, wadda kike ji a labaran duniya idan ana faɗin farashin zinariya da dalar Amurka. Ozar zinariya giram 31.1 ce, alhali ozar kayan kanti giram 28.35 ce kawai. Suna ɗaya, nauyi daban. Wanda ya haɗa miki su ya ci miki kusan giram uku.

Nauyi kaɗai bai isa ba, sai kin san karat. Tsantsar zinariya karat 24 ce. Mai karat 18 kashi uku cikin huɗu ne zinariya, sauran gami ne. Sarƙa mai giram 40, in karat 21 ce, zinariyar cikinta giram 35. In 18 ce, giram 30. Ki duba jikin maƙullin sarƙar, sau da yawa za ki ga ɗan hatimi, 875 na nufin karat 21, 750 na nufin 18.

Mu nan bakin iyaka abin ya fi shafarmu. Wani zai yi miki ciniki da naira, wani da sefa, canji kuma kullum hawa da sauka yake. Mudu ma kin sani, na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Giram kuwa ɗaya ne a Illela da Ƙonni da Sakkwato da Makka.

Saboda haka kafin kayanki su fita, a auna su wuri biyu, a rubuta miki giram da karat a takarda, ki adana tare da rasit. Wadda ba ta karatun boko, ta sa yaro ɗan makaranta ya karanta mata. Kada ki tambayi “nawa aka saya?” kawai. Ki ce: “Giram nawa ne, kuma nawa giram ɗaya yau?” Dillaliya mai amana ba za ta ji haushin wannan tambaya ba.

Allah ya sa wa dukiyarmu albarka.