Jawabi a kan ƙuduji da cutar da ke kashe shi



Kowa ya san ƙuduji. Yana kama saiwar hatsi da dawa a ƙarƙashin ƙasa, ya tsotse su tun ba a gan shi ba. Tushe guda na zubda iri dubbai, irin kuwa na iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Gona nawa munka bari saboda shi?

To, shi ma yana da tashi cuta. Masu bincike sun samu wata fumfuna, Fusariyum, a jikin ƙudujin da ya yanƙwane a Mali, Gana da Najeriya. Tana ruɓar da shi, ba ta taɓa dawa. An gwada manna ta ga iri da ƙaro. A Kenya, hukuma ta amince da ita a 2021: a lokacin manoma na renonta cikin dafaffar shinkafa, su zuba a ramin shukar masara.

Amma kada mu zauna jira. Bana mu tuge ƙuduji tun bai yi fure ba, mu ƙone shi, mu kai taki gona. Ku da ke ci-rani, ku aiko da kuɗin ƙwadago da wuri.

Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.