Matakala Mai Tafiya da Kanta: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Duk wanda ya fito daga Kafanchan ya san Dutsen Kagoro, ya kuma san wahalar hawansa da kaya a ka. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya, talakawan wata unguwa da ke bisa tudu sukan yi rabin sa'a suna hawa kafin su isa gida. A shekarar 2011 hukumar birnin ta kafa musu matakala mai tafiya da lantarki, mita 384, ba a biyan ko kwabo. Hawan ya koma minti 6.

Amma fa kada sha'awa ta ruɗe mu. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, garin ya bunƙasa. Da aka yi sakaci da gyara, kun ga yadda tashar ta koma. Na'ura in ba wuta, ba gyara, kufai ce.

Saboda haka ƙungiyoyinmu na Ikko, Badun da Fatakwal su fara da abin da hannu zai kai: mu tara kuɗi a sassaƙa matakalar dutse, mu matsa wa hukuma ta ba mu tsayayyiyar wuta. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya taimake mu, amin.