Abin da Majiyyaci Zai Tarar a Ɗakin Hoton Maganaɗisu

 

Idan likita ya rubuta wa mutum hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI, abin da ke faɗar masa da gaba shi ne ramin da za a tura shi ciki. To, ramin nan ba shi ne abin tsoro ba.

Na'urar ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Maganaɗisu ne da igiyar rediyo ke aiki a kan ruwan da ke jikinmu, shi ya sa take fito da ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi dalla-dalla. Binciken da ya haifar da ita ne ya ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield kyautar Nobel a 2003. Za a kwantar da kai a gado mai zamewa, daga minti 15 har zuwa 90. Ba zafi, sai dai ƙara kamar a maƙera, don haka ake toshe maka kunne. Za a damƙa maka 'yar roba a hannu. In ka ƙosa, ka matsa, ma'aikaci na jinka. Iyaka dai kada ka motsa, domin ɗan motsi kan ɓata hoton. Mai tsoron wuri matsattse ya faɗa tun da wuri, akwai maganin kwantar da hankali.

Haɗarin yana ga ƙarfe. Maganaɗisun nan a kunne yake dare da rana, kuma mai ƙarfin tesla 1.5 ya ninka na duniya kusan sau 30,000. A 2001, a jihar New York ta Amurka, ya fizgi tukunyar iskar oksijin ta bugi wani yaro ɗan shekara 6, ya rasu.

Saboda haka, don Allah, kada kunya ko gaggawa ta sa ku tsallake tambayoyin da ake yi a ƙofa. Ɗan kunne, sarƙa, makulli da fil ɗin mayafi, duk a cire. Kwalli ma a wanke, domin wani na ɗauke da ƙarfe. Laya kuwa, ba ka san abin da aka ɗinke a ciki ba, ka ajiye ta. Wanda ya fi damuna shi ne ƙarfen da ba a gani: na'urar daidaita bugun zuciya, ƙarfen da aka sa a tiyata, ɓarɓashin harsashi, ko ɗan tartsatsin da ya taɓa shiga idon mai walda shekaru da suka wuce har ya manta. Wannan yana iya motsawa ya lalata idon.

Wani lokaci akan yi allurar gadoliniyam don hoton ya ƙara fitowa. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su sanar kafin a yi.

In an gama, kada ka matsa wa ma'aikacin ya faɗa maka abin da ya gani. Likitan hoto ne zai nazarta, ya aika wa likitanka rahoto.