Matsakaicin Maki da Buƙatar Tallafi: Halin Ɗalibin Ƙasar Waje Mai Neman Gurbi a Jami'o'in Amurka



Wannan takarda tana magana ne a kan ɗalibin da ya gama sakandare a wajen Amurka, yana burin yin digirin farko a can, makinsa na jarrabawar SAT tsaka-tsaki ne, iyayensa kuma ba su da halin biyan kuɗin makaranta. Irinsa suna da yawa a Najeriya da Gana da Indiya da Nepal. Abin da nake so in tabbatar shi ne, matsakaicin maki kaɗai ba ya hana samun gurbi. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗuwar wannan maki da buƙatar a ɗauke wa ɗalibi dukkan nauyin karatunsa.

Rahoton Open Doors na 2024 ya nuna cewa a zangon karatu na 2023/24 akwai ɗaliban ƙasashen waje 1,126,690 a Amurka. Indiya ce kan gaba, Najeriya kuma ta zo ta bakwai da ɗalibai 20,029. Sai dai mafi yawan masu digirin farko a cikinsu iyalansu ne ke biya musu. Ɗalibinmu yana cikin 'yan tsirarun da dole sai makaranta ta ɗauki nauyinsu.

Makin SAT yana farawa daga 400 zuwa 1600, kuma a 'yan shekarun nan matsakaicin abin da masu rubuta ta suke samu bai kai 1050 ba. Ke nan wanda ya samu 1250 ya wuce akasarin abokan zamansa a ɗakin jarrabawa. Amma da ya ga galibin waɗanda Harvard da MIT ke ɗauka sun haura 1500, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Kuskurensa shi ne auna kansa da makarantun da ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu ko biyar cikin ɗari na masu nema.

Tun 1969 Kwalejin Bowdoin da ke jihar Maine ta daina tilasta wa masu neman gurbi su gabatar da makin SAT, Kwalejin Bates ta bi sahunta a 1984, Jami'ar Chicago a 2018. Da annobar korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa a 2020, makarantu birjik suka bar wa ɗalibi zaɓi: in ya so ya tura makinsa, in bai so ba ya bari. Daga baya wasu manya suka koma gidan jiya. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, sannan Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka yi haka a 2024.

Dalilin da Dartmouth ta bayar ya cancanci mu tsaya a kansa, domin ya saɓa wa abin da ɗalibanmu suka ɗauka. Malaman jami'ar sun bincika takardun masu neman gurbi, sai suka gano cewa 'ya'yan marasa ƙarfi da dama suna ɓoye maki kamar 1400 saboda suna ganin bai kai ba, alhali da sun tura shi da ya taimake su. Masu tantancewa ba sa karanta maki shi kaɗai. Suna duba makarantar da yaro ya fito da irin damar da ya samu. Yarinyar da ta samu 1300 daga makarantar gwamnati, inda aji ɗaya ya cika maƙil kuma ba kwamfuta, ta nuna abin da ɗan makarantar kuɗi mai malamin horo na musamman bai nuna ba da 1450. Tun daga Maris na 2023 kuma a kwamfuta ake rubuta SAT a wajen Amurka, wanda hakan wani ƙarin nauyi ne ga yaron da bai saba da ita ba. Saboda haka ɓoye maki ba kullum ne yake zama dabara ba.

Maganar kuɗi ta fi tsanani. Ɗalibin ƙasar waje ba shi da haƙƙi a tallafi ko bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka. Abin da zai samu daga asusun makarantar zai fito. A manyan makarantu masu zaman kansu, kuɗin karatu da masauki da abinci na shekara ɗaya ya haura dala 80,000. Wanda yake lissafi da naira, bayan faɗuwar darajarta tun daga Yunin 2023, ya san wannan ba abin da dangi za su haɗa da karo-karo ba ne.

Makarantu sun kasu biyu a nan. Akwai 'yan kaɗan, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, da ba sa duba aljihun baƙo yayin tantancewa, kuma in sun ɗauke shi za su cike duk abin da iyayensa suka gaza. Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna ɗora buƙatar kuɗin a kan sikeli tare da komai: gwargwadon yawan abin da ɗalibi ya nema, gwargwadon wahalar shigarsa. A nan ne ɗalibinmu yake shiga tsaka mai wuya. Makarantun da ke da kuɗin ɗaukar nauyinsa su ne mafi tsananin gasa. Waɗanda za su karɓi makinsa hannu bibbiyu, musamman jami'o'in jihohi, ba su da abin ba baƙo sai rangwame kaɗan, kuma a wasunsu, kamar Jami'ar Alabama, da makin jarrabawar ake auna girman rangwamen. Takardar ɗauka ba tare da kuɗi ba kuwa ba ta da amfani, domin makaranta ba za ta bayar da takardar I-20 da ake neman biza da ita ba sai an nuna kuɗin shekara guda. Aikin awa 20 a mako da doka ta yarje wa ɗalibi a cikin makaranta kuɗin kashewa kawai yake kawowa.

Mafita, a ganina, tana wajen ƙananan kwalejojin digirin farko waɗanda sunansu bai iso kunnuwanmu ba, amma suna da asusu mai kauri kuma suna son baƙi. Macalester da ke Minnesota, inda Kofi Annan ya gama digirinsa a 1961, ɗaya ce daga cikinsu. Haka Grinnell a Iowa da Bates. Kwalejin Berea a Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi, kowa kuma yana yi mata aiki na aƙalla awa 10 a mako, sai dai baƙin da take ɗauka a shekara kaɗan ne. Ba na cewa shiga waɗannan wuraren abu ne mai sauƙi. Abin da nake cewa shi ne, a nan ne ake karanta takardun ɗalibi daga farko har ƙarshe.

Akwai hanyar gane su ba tare da an biya dillali ba. Yawancin makarantun Amurka suna wallafa wani kundin alƙaluma kowace shekara mai suna Common Data Set. Sashen C9 yana nuna iyakar makin rabin ɗaliban da ke tsakiya, sashen H6 kuma yana faɗin baƙi nawa aka ba tallafi da matsakaicin abin da kowannensu ya samu. Idan makin ɗalibi ya faɗa cikin wannan iyaka, ya tura shi. Idan makaranta tana ba baƙonta dala 15,000 alhali kuɗinta 70,000 ne, ɗan talaka ya wuce ta komai daɗin sunanta. Yana ba ni takaici in ga yaro mai hazaƙa ya ƙarar da ƙarfinsa a kan makarantu goma da ya ji sunansu a fim, bai taɓa buɗe wannan kundi ba.

Malamai, wannan sashe naku ne. Idan maki bai yi ƙarfi ba, nauyin yana komawa kan sakamakon aji na shekarun ƙarshe, da na WAEC, da maƙalar da ɗalibi zai rubuta a kan kansa, wadda a fom ɗin Common Application ba ta wuce kalma 650, da kuma wasiƙun shaida na malamai. A nan muke yawan cutar da 'ya'yanmu ba da niyya ba. Wasiƙar da ta ce yaro mai ladabi ne, mai ƙwazo, ba ta gaya wa mai tantancewa komai ba. Yana so ya ji cewa wannan yarinya ita ce ta ɗaya a lissafi cikin duk 'yan ajinsu, tana koyar da ƙannenta na ƙananan azuzuwa, tana kuma taya mahaifiyarta sana'a bayan an tashi. Ana kuma son makaranta ta haɗa da takaitaccen bayanin kanta: yawan ɗalibanta, tsarin ba da makinta, da yawan masu samun A1 a cikinta. Bature mai karanta takardu a Iowa bai san darajar B2 a kimiyyar sinadarai daga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ba, sai mun gaya masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ɗalibi yana aji biyu na babbar sakandare ya kamata a fara wannan shiri.

Ƙananan kuɗaɗe ma suna tare hanya: kuɗin jarrabawa, na fom, dala 350 na rajistar ɗaliban waje ta SEVIS, dala 185 na biza, da tikitin jirgi. Ana iya roƙon a yafe kuɗin fom, cibiyoyin EducationUSA kuma, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, suna ba da shawara, har da na Abuja da Legas.

Biza kuwa ta fi ƙarfin ɗalibi da makarantarsa. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan. A Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma taƙaita bizar 'yan Najeriya, har da ta ɗalibai. Dole duk mai ba ɗalibi shawara ya binciki halin da dokar take ciki kafin a kashe ko sisi, ya kuma sa shi ya nemi gurbi a wasu wuraren lokaci guda. Shirin tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012, yana ɗaukar cikakken nauyin ɗaliban Afirka a jami'o'i irin su Makerere a Uganda da Ashesi a Gana, kuma wasiƙun shaida da maƙalar da aka shirya don Amurka za su yi aiki a can da ɗan gyara.