Zazzaɓin da Ke Komo wa Yaro

Jama'a, yau zancenmu a kan zazzaɓin yara ne, wanda kan tafi ya komo. Da damina ta sauka, sauro ya yi yawa, sai mu ga yaro yau jiki zafi rau, gobe yana wasa, jibi ya sake kwanciya.

Sau da yawa laifinmu ne. Mukan ba yaro magani kwana ɗaya, da jiki ya yi sanyi sai mu ɓoye sauran don ƙanensa. To, ƙwayoyin cutar da sauro ya zuba masa a jini ba su mutu duka ba. Waɗanda suka saura su ne ke hayayyafa su sake kayar da shi.

Mu fara kai shi asibiti a ɗibi jini a yatsa a duba, gama ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In na sauro ne, akan ba da ƙwayar Coartem ko irinta, gwargwadon nauyin yaro. Sau biyu ake sha a rana har kwana uku, sau shida ke nan. Mu ba shi da nono ko abinci mai maiƙo, don ya fi kama jiki.

Klorokwin da iyayenmu suka saba da shi, cutar ta daina jinsa, har aka sauya shi a Nijeriya a 2005. Farasitamol kuwa zafi kaɗai yake saukarwa.

Yaron da ya soma jijjiga, ko ya kasa shan nono, kada mu jira gari ya waye. Mu ɗauke shi zuwa asibiti a daren.